Daga Shikago zuwa Yellowstone a motar RV: ina kuka yada zango?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a. Idan yara suka samu dogon hutu muna so mu yi hayar motar RV, irin mai gado da kicin da bayi a ciki, mu tashi daga Shikago zuwa gandun dajin Yellowstone. Mu shida ne, har da Hajiyarmu da ta zo ganin jikoki. Taswira ta nuna kusan mil 1,400 ne zuwa kawai. Waɗanda suka taɓa bin hanyar, don Allah ina kuka kwana? Sai an kama wuri tun daga gida, ko duk inda dare ya yi sai a faka?

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Kada ka ba da ko sisi na hayar mota sai ka samu wurin kwana a cikin Yellowstone tukuna. Shi ne abu mai wuya, sauran tafiyar a kansa za ka ɗora ta. A duk faɗin gandun nan wuri ɗaya ne tak ke da wutar lantarki da ruwa da bututun juye ƙazanta a gefen kowace mota, wato Fishing Bridge, kuma ana buɗe rajistarsa fiye da shekara guda kafin lokaci. Ba sa karɓar tanti ko tirela mai bangon tamfol, saboda yankin beyar ne. Zangunan Madison da Canyon da Grant Village da Bridge Bay ba su da wuta a gefen mota, amma akwai wurin juye tanki da cika ruwa. Waɗannan biyar duk a shafin Yellowstone National Park Lodges ake kama su. Ƙananan kamar Lewis Lake da Slough Creek kuwa a Recreation.gov suke, wata shida kafin ranar, kuma da an buɗe ake wawashe su.

Mu a Madison muka samu, bayan wani ya fasa zuwa. Kullum da safe bayan asuba nake leƙa shafin har Allah ya sa na dace. Abin da za su fara tambayarka shi ne tsawon motar. Duk wadda ta wuce ƙafa 30, wuraren da za su ɗauke ta kaɗan ne. Idan cikin ya gagara, ka nemi zangon 'yan kasuwa a garin West Yellowstone ko na Cody da ke wajen gandun, sai dai ka sani daga Cody zuwa ƙofar gabas ma fiye da mil 50 ne, ga gudun cikin gandun ba ya wuce mil 45 a awa.

Maman Sadik:
Sannu da shiri, a gaida Hajiya da kyau. Maza za su ba ka labarin hanya, ni bari in yi maganar ruwa, don nan ne mu Musulmi lissafinmu ya sha bamban da na masu ba da hayar. Tankin ruwa mai tsabta na motar da muka ɗauka galan 40 ne. Mai bayani ya ce zai kai mu kwanaki, amma shi bai san da alwala sau biyar ba, bai san muna kama ruwa ba. Kafin dare na biyu fitilar tankin bayi ta nuna ya cika. Juye shi kuwa aiki ne na gaske: maigida ya sa safar hannu ta roba, ya jona ƙatuwar mesa a ramin, ya fara buɗe na bayi, sannan na ruwan wanke-wanke don ya ɗauraye mesar. Ga layin motoci a bayanka kowa yana jira.

Dabarar da muka yi daga baya: butoci biyu da jarka a waje, alwala duk a gefen mota, da rana kowa ya yi amfani da bayin zangon. Na cikin mota muka bar wa tsohuwa da yara da dare. Don haka idan kana tsara wuraren tsayawa, kada ka jera dare biyu ba tare da wurin juye tanki ba.

Sannan bargo. Yellowstone kan tudu yake, wajen ƙafa 8,000, ko a watan Yuli da asuba sanyi har ƙashi. Ga shi janareta daga takwas na safe zuwa takwas na dare kawai aka yarda a kunna.

Direban Tirela:
Ranka ya daɗe, wannan hanyar wurin neman abincina ce. Babbar hanyar I-90 daga Wisconsin har Dakota ta Kudu miƙaƙƙiya ce, iska kawai za ta dame ka, don motar nan doguwa ce kuma ba ta da nauyin tirela mai kaya. Riƙe sitiyari da hannu biyu in babbar mota za ta wuce ka. Awannin tafiyar da taswirar wayarka ta ba ka, ƙara musu kashi ɗaya cikin huɗu. Masu RV suna da ƙa'idarsu: kada a wuce mil 300 a yini, a isa zango kafin ƙarfe uku na rana. Gaskiya suka faɗa. Shiga wurin faki da baya cikin duhu, tsakanin bishiya da teburin cin abinci, ko ni ba na so.

Inda za ka buɗe ido shi ne duwatsun Bighorn a Wyoming. Kada ka yarda waya ta jefa ka hanyar 14A, gangarenta ya kai kashi 10 cikin ɗari, birki yake ƙonawa. Ka sauka a garin Buffalo ka ɗauki hanyar 16, ta Powder River Pass, ƙafa 9,666, ka gangara Ten Sleep. Ita ma hawa ce amma da sauƙi. A gangare ka sa ƙaramar giya, ka daina zama a kan birki. Kuma idan yara suka ce sai sun ga Mount Rushmore, dutsen da aka sassaƙa fuskokin shugabannin Amurka a jikinsa, to, amma kada ka shiga hanyar Needles Highway ta yankin da motar. Akwai inda hanyar ta huda dutse, faɗin bai fi ƙafa 8 da 'yan inci ba. Rubuta tsayi da faɗin motarka a takarda ka manna kusa da sitiyari.

Bakatsinen Minnesota:
Ni fa ban yarda sai an kama kowane dare tun daga gida ba. In haka ne ai gara otel. Kudu da garin Wall kaɗan, a filin Buffalo Gap na gwamnatin tarayya, akwai bakin wani gangare da ke kallon gandun Badlands, kyauta ake kwana, har kwana 14 doka ta yarda. Babu ruwa, babu wuta, babu bayi, babu mai ce maka kanzil. Na shimfiɗa darduma a waje na yi asuba, ban taɓa ganin fitowar rana irin ta wurin ba. Sharaɗinsa ka shiga da tanki cike, ka fita da sharar ka, kuma in an yi ruwan sama ka haƙura, taɓon wurin yana riƙe taya.

Maman Sadik:
Haba Malam, kai kaɗai ka je ko da abokai? Mutumin da ke tare da dattijuwa da yara uku za ka tura bakin gangare cikin iska? Zangon Cedar Pass yana nan cikin Badlands, da wuta a wasu wuraren da bayi. Ya kama can.

Bakatsinen Minnesota:
Hajiya na ji, da gaskiyarki. Amma ya je da yamma su gani ko ba za su kwana ba.

Baban Hanifa:
Allah ya saka da alheri, ina ta rubutawa. To maganar kwana a filin fakin na kantin Walmart da nake ji fa? Kuma farkon Agusta muke tunani.

Ɗan Zangon Kumasi:
Yaya, farkon Agusta kuwa akwai magana. Lokacin ne taron masu babura na Sturgis, wanda ake yi tun 1938, kuma garin yana kan I-90 ɗin da za ka bi. Dubban ɗaruruwan mutane ke zuwa. Daga Wall har Rapid City da Custer zango cike yake, kuɗi ya ninka, ƙarar babura dare da rana. Ko ka wuce yankin kafin Yuli ya ƙare, ko ka bari sai bayan tsakiyar wata.

Walmart kuwa ba doka ɗaya ba ce. Manajan kowane reshe ke yanke hukunci, wani garin ma dokarsa ta hana gaba ɗaya. Ka buga waya da rana ka tambaya. In sun yarda ka faka can nesa, ba fito da kujeru, ba hura gawayi, gari na wayewa ka kama hanya. Na dare ɗaya ne a tsakiyar doguwar tafiya, ba wurin hutu ba.

Anti Bilki:
Nama ku saya a shagunan halal na titin Devon Avenue a Shikago kafin ku tashi, ku daskarar da shi. Sioux Falls ma akwai masallaci da shagunan halal, daga nan kuwa kada ku sa rai. Amma in Hajiya ta zo da kilishi da daddawa, a Yellowstone komai mai ƙamshi cikin mota yake kwana, har akwatin ƙanƙara da tukunyar da ba a wanke ba. Ma'aikatan gandun suna zagayawa, suna cin tara a kan haka. A ja wa yara kunne kuma: yadi 25 tsakaninsu da ɓauna, yadi 100 da beyar da kyarkeci.

Ɗan Damagaram:
Ƙarin abu biyu. Katin shekara na gandayen gwamnati, dala 80 ga mazauna Amurka, kuɗin shiga kawai yake biya, na kwana daban ne. Sannan sabis na waya yana ɗaukewa a yawancin gandun, don haka ka sauke taswira da jadawalin salla, ka buga takardun rajistar zangon tun daga gida. Bayan kun haye kogin Missouri da ɗan nisa agogo zai koma baya da awa ɗaya, a duba kafin a tayar da salla. Magariba a can sai wajen ƙarfe tara. In ka samu ranakun Yellowstone ɗin ka turo su nan, sai mu taya ka lissafa sauran dararen da baya-baya har Shikago.