Na ɗebo ruwan kududdufi amma ban ga komai a madubin likita ba

Malamar Halittu ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare, kuma muna da madubin likita guda ɗaya tak wanda ya daɗe a akwati ba a taɓa shi ba. Da muka zo darasin halittu masu ƙwayar halitta ɗaya, sai na ga bai dace in ci gaba da zana amiba da faramisiyam a allo ba, alhali ga kududdufi a bayan makaranta cike da ruwan damina. Na ɗebo ruwa daga samansa a kwalba, na ɗiga a kan gilashi, na rufe da siririn murfinsa, na juya zuwa idon madubin da ya fi ƙarfin girmama abu, amma ban ga komai ba sai haske fari fat da waɗansu da'irori masu baƙin gefe waɗanda ba sa motsi. Shin ruwan ne ba shi da komai, ko madubin ne ya lalace?

Ma'aikacin Ɗakin Gwaji ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Madubinki lafiyarsa ƙalau, tunda har ya nuna miki waɗannan da'irori, domin kumfar iska ce da ta maƙale ƙarƙashin murfi. Idan za ki rufe ɗigon, ki kafa gefen murfin ɗaya a jikin ruwan, sannan ki kwantar da shi a hankali, iskar za ta fita ta ɗaya gefen.

Babbar matsalar ita ce wurin da kika ɗebi ruwan. Ruwan saman kududdufi da ya kwanta ya yi garau shi ne mafi ƙarancin halittu, domin suna taruwa ne inda abincinsu yake. Ki ɗebo gansakuka, da ruɓaɓɓen ganyen da ya nutse, da ɗan taɓon da ke saman ƙasan kududdufin, kuma idan akwai kainuwa ki ciro ɗaya ki matse saiwoyinta a cikin kwalbar, domin a tsakanin waɗannan saiwoyi na fi samun ƙananan halittun ruwa da ake kira rotifa da botisela. Ki bar kwalbar a buɗe kusa da taga, inda rana ba ta bugunta kai tsaye, har tsawon kwana biyu ko uku.

Sannan kada ki fara da ido mafi ƙarfi. Ki fara da mai lamba 4, wanda idan aka haɗa shi da na sama mai lamba 10 yake girmama abu sau 40, ki nemo abin da ke motsi, ki kawo shi tsakiya, kafin ki koma idon ƙasa mai lamba 10. Faramisiyam tsawonta kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na milimita ne kawai, amma a girmamawa sau 100 ana ganinta sarai, siffarta kamar tafin silifa. Ki kuma rage hasken ta hanyar tsuke ƙofar da ke ƙarƙashin teburin madubin, saboda jikin waɗannan halittu kusan ruwa ne zalla, haske mai yawa yana shafe su gaba ɗaya. Idan gudunsu ya hana ɗalibai kallo, ki sa 'yan zaruruwan auduga a cikin ɗigon, za su maƙale a tsakani. A lokacin ne za ki nuna musu 'yar jakar da ke kumbura ta kuma sace a jikin faramisiyam, wadda aikinta fitar da ruwan da ke shiga jikinta ba tsayawa, tunda gishirin jikinta ya fi na ruwan kududdufi yawa.

Tsohon Jami'in Lafiya ya amsa:

Malama, Allah ya saka miki da alheri kan wannan niyya. Ni abin da zan roƙa shi ne ki nemo wa ɗalibanki saikulos. Wata 'yar halitta ce dangin jatan lande, girmanta milimita ɗaya zuwa biyu, har da ido ana iya hango ta kamar farin ɗigo tana zabura a cikin kwalba. A madubi za ki ga ido ɗaya a tsakiyar kanta, macen kuma tana ɗauke da jakunkunan ƙwai biyu a gefen wutsiyarta. Ita ce ke haɗiye 'ya'yan tsutsar kurkunu. Mutum ya sha ruwan da ba a tace ba, ita ta mutu a cikinsa, 'ya'yan su ratsa hanji su girma, bayan kimanin shekara tsutsar da kan kai mita ɗaya ta ɓullo a ƙafa. A shekarun da muke yawon ƙauyuka muna raba ƙyallen tace ruwa, babu abin da ya fi gamsar da mutane irin mu ɗaga kwalbar ruwan tafkinsu a rana su ga abin yana motsi da idonsu. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Najeriya da Nijar sun rabu da kurkunu, ko da yake har yanzu ana samunsa a Chadi, saboda haka yaran yau ba su san wahalar da iyayensu suka sha ba.

Sai dai kada ki bari ɗalibai su shiga ruwan ko su tsoma hannu. Tsargiya tana nan, kuma 'ya'yanta da ke fitowa daga jikin katantanwar ruwa ta fata suke shiga, ba sai an sha ba. A ɗaura ludayi a sanda a ɗebo daga bakin gaɓa, a kuma wanke hannu da sabulu.

Ɗalibin Jami'a ya amsa:

Ranki ya daɗe, ko kududdufin ya ƙafe da rani darasin ba zai tsaya ba. Ki ɗebo busasshen taɓonsa ko ɗan busasshiyar ciyawa, ki jiƙa da ruwan rijiya, ki jira 'yan kwanaki, domin da yawa daga cikin halittun nan suna naɗe kansu cikin ƙwanso su jira ruwa. Antonie van Leeuwenhoek, ɗan kasuwar yadi na garin Delft a ƙasar Holan, wanda ya ba da labarin ƙananan halittun ruwan tafki a 1674, ya jiƙa busasshiyar ƙurar indararo a 1702 ya ga rotifa sun farfaɗo. A guji ruwan famfo, saboda sinadarin kulorin yana kashe su.

Malamar Halittu ta sake rubutawa:

Na gode muku ƙwarai. Na matse saiwar kainuwa kamar yadda Malam ya ce, na rage haske, kuma a ɗigo na biyu muka ga gungun botisela, kowace kamar ƙararrawa a kan siririn kara. Wata ɗaliba ta ɗan taɓa teburin, sai duk karan suka naɗe lokaci guda kamar an fizge su, sannan suka miƙe a hankali, har aka tashi tara yaran suna layi a gaban madubin. Mun ga saikulos ɗaya mai ƙwai, Baba, na kuma karanta musu bayaninka a aji. Amiba ce har yanzu ba mu samu ba. Gobe zan gwada taɓon ƙasan kwalbar, kuma ina so in ji ko ya kamata in bar ɗigon ya ɗan zauna a kan gilashi kafin in fara nemanta.