Furen da yake buɗewa da dare, me ya sa nawa ya ƙi?

Uwargidan Malali:
Salam jama'a, don Allah wa ya san kan shukar nan da ake ce wa sarauniyar dare? Ƙanwar mijina ce ta ba ni reshe ɗaya, shekara 2 kenan, sai tsawo take ta yi kamar bulala amma fure ko ɗaya babu, gashi ganyen ya fara ja. A tsakar gida na ajiye ta, kullum ina ban ruwa.

Mai Lambu Kawo:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Ranar ce ta ƙona ta. Kaktus ce, wato dangin tsirran nan masu ƙaya da ke jure fari, amma ita ba ta sahara ba ce, asalinta dazukan Meziko, a jikin bishiyoyi take rayuwa cikin inuwa. Abin da kike kira ganye ma kara ne mai faɗi. Ki mayar da ita gindin mangwaro ko baranda, ruwa kuma sai saman ƙasar ya bushe, a haɗa ƙasar da yashi, tukunyar ta zama mai huji. Kada ki sa ta a ƙatuwar tukunya, ta fi yin fure in saiwar ta matsu.

Ɗan Barnawa:
Tawa ta yi da damina. Bayan isha'i ta fara buɗewa, fari tas, ƙamshi har waje, wai don ta jawo ƙwarin dare masu kai mata barbara. NEPA sun ɗauke wuta, da tocilan waya muka kalla ni da yara. Kafin gari ya waye ta langaɓe, shikenan.

Uwargidan Malali:
Ikon Allah, dare ɗaya tak? Na gode Malam, yanzu zan sa yara su kai ta baranda.