Don Allah, yaya ake furta "fiziyolojikal", kuma mece ce Hausarta?

Assalamu alaikum. Ni ɗalibar aikin ungozoma ce, jibi zan yi wa masu jego bayani kan ciwon shawara na jarirai. Kalmar nan ta tsaya min a wuya: malaminmu yana cewa "fiziyo", sistar ɗakin haihuwa kuma "fisiyo". Wanne ne daidai?

Babbar damuwata ma fassarar ce. Ana nufin shawarar da ke fitowa kwana 2 zuwa 3 bayan haihuwa, saboda hantar jariri ba ta gama ƙwari ba. Jiya na ce wa wata uwa "ta al'ada ce", sai ta ɗauka maganin gargajiya nake nufi. In kuma na ce "ba komai", tsorona kada wadda idon ɗanta ya yi ɗorawa tun ranar farko ta ƙi kawo shi asibiti. Ku da kuka daɗe a aikin, me kuke ce musu?