Saitin bawul ɗin Honda C70 ya gagare ni

Jama'a, ku taimaka. Tsohon babur Honda C70 na marigayi babanmu nake tayarwa a nan Argungu, amma ƙarar tafet (ƙas-ƙas ɗin da ke fitowa daga wajen bawul ɗin inji) ta ƙi ɗaukewa. Ina saitawa da safe inji na sanyi, tazarar 0.05mm, fila-geji (siririn ƙarfen auna tazara) na shiga daidai. Da na ɗaure noti da sifana lamba 9, sai sukurun saitin bawul ɗin ya biyo shi, tazarar ta tsuke. Kansa mai kusurwa huɗu ne, ƙarami ƙwarai, filaya har ta fara cinye shi, abin da ya fi damuna ke nan.

Akwai makullin riƙe shi a kasuwar Jega ko Birnin Kebbi? Wane suna zan faɗa wa masu kayan gyara? Ko maƙeri zai iya ƙera mini?