Wai me za mu kira "rezonans" da Hausa?

Jama'a ina neman taimakonku, kwana uku kenan kalmar nan ta rezonans ta tsaya min a wuya. Ƙanina nake son yi wa bayanin wani gwaji da Mathias Weiler da abokan aikinsa suka yi a 2011 a cibiyar Walther-Meissner da ke Garching kusa da Munich a Jamus, kuma ina so ya ji shi da Hausa tsantsa yadda zai zauna masa.

Ga yadda abin yake. Akwai wani dutse mai kama da gilashi, litiyom nayobet, wanda in an ba shi lantarki yakan motsa, to a samansa suka shimfiɗa nikel, wani ƙarfe mai maganaɗisu, siriri ƙwarai, a gefe kuma suka jera ƴan haƙoran ƙarfe kamar mataji biyu da aka sarƙe. Da an ba haƙoran wuta sai sauti ya taso yana bin saman dutsen da gudun fiye da kilomita 3 a daƙiƙa, yana kaɗawa sau biliyan da wani abu a daƙiƙa, kunne ba ya jin sa sam. Sautin yana matsa nikel ɗin yana saki, shi kuwa nikel in aka matsa shi alƙiblar maganaɗisunsa takan karkata, tun 1865 wani masani mai suna Villari ya gano haka. Sai alƙiblar ta fara tangaɗi kamar katantanwar da muke murzawa a ƙasa muna yara in ta kusa faɗuwa. To in kaɗawar sautin ta yi daidai da saurin tangaɗin nan, sai tangaɗin ya bunƙasa ya shanye ƙarfin sautin, sai sautin ya isa ɗaya gefen a raunane. Wannan daidaituwar ita ce rezonans ɗin, ita nake nema wa suna.

Da na yi tambaya a baya, wani Malam ya ce in kira ta amsa-kuwwa. Allah ya ƙara ilimi Malam, amma amsa-kuwwa ai sauti ne ya bugi dutse ya dawo, nan kuwa nikel ɗin shanyewa yake yi. Girgiza ma ba ta yi ba don ko saurin bai yi daidai ba ana girgiza. Amsa-amo ta burge ni sosai wallahi, sai dai masu nazarin waƙa sun riga mu, ita suke kiran ƙafiya da ita.

Ni dai zuciyata ta kwanta da amshi. Ƴan amshi ba sa karɓa sai waƙar ta faɗa kan karin da suka sani, in ta faɗa kuwa sai fili ya ɗauka. Wata baiwar Allah ta ce ai ƴan amshi bayan zabiya suke shiga, ba tare ba, kuma Yaya gaskiyarki, har na ɗan yi shiru. Amma abin da nake so ƙanina ya riƙe shi ne maganaɗisun ba kowane kari yake karɓa ba.

Don haka yau da daddare zan ce masa "amshin maganaɗisu ta hanyar sauti". Wanda yake da wadda ta fi ya kawo kafin isha'i.