Shin ɗakin matsin oksijin yana warkar da gyambon ciwon suga?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Gyambon ƙafar mahaifina ya ƙi warkewa saboda ciwon suga, har aka ba mu shawarar ɗakin matsin oksijin. Yaya yake aiki?

Ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Majinyaci yana shiga rufaffen ɗaki ya shaƙi zallar oksijin na kimanin minti 90, a matsin da ya ninka na iskar waje sau 2 zuwa 3, domin jini ya kai ta ga naman da ya raunana. Sai dai, ɗan'uwa, wankin gyambo da daidaita suga suna nan daram, kuma zama ɗaya ba ya isa.

Wani dattijo: Malama ta yi gaskiya. Kunne yakan yi zafi a cikin ɗakin, kuma dole likita ya fara duba huhun majinyacin.