Allura ta uku: abin da ya faru a zauren 'yan Damagaram

Mai awo daga Mirya: Salamu alaikum. Wallahi raina a ɓace yake. Kullum muna tara mata muna bayanin allurar rigakafi: BCG ta tarin fuka da haihuwa, Penta mai kare yaro daga cututtuka biyar a sati 6, 10 da 14, ta ƙyanda da ta ciwon shawara a wata 9, duk kyauta. Sai uwa ta kawo yaro sau ɗaya, jikinsa ya yi zafi da dare, shi ke nan, karne, wato katin allura, ya shige ƙasan akwati. Zafin nan fa kwana ɗaya ko biyu ne, kuma Penta sai an cika uku take kare yaro sosai daga mashaƙo da tarin lala. Jahilci na kashe mana yara a karkara.

Ɗan Magarya: Hajiya, wa kike kira jahila? Uwata ba ta shiga lakwal ba, amma ta sauke Alƙur'ani.

Ɗiyar Birni: Malam, ba zagi ta yi ba. Wanda bai san amfanin allura ba, jahilinta ne, ko da digiri gare shi.

Ɗan Magarya: Ku 'yan Birni haka kuke. In ba a bayan fadar Sarki aka haifi mutum ba, baƙauye ne a wurinku.

Malamin makaranta: A ce rashin sani, ya fi ladabi.

Ɗiyar Birni: To mene ne bambancin?

Inna mai goyo: Ni ƙauye na taso. Matar da za ta biya kabu-kabu zuwa likita, ta tarar an ce ba a buɗe kwalbar ƙyanda sai yara sun taru, ta koma haka nan, ga gona ga daka, ita ce jahila? Kuma ba ta fita sai maigida ya yarda.

Alhaji na kasuwar Dole: Inna, kar a jawo maza cikin wannan. Mutane na da dalilin tsoro. An manta gwajin magani na Kano a 1996?

Malamin makaranta: Alhaji, wancan maganin sanƙarau ne aka gwada, ba rigakafi ba. Mashaƙon da ya ɓarke a Matamaye a 2023 kuma fa?

Ɗan Magarya: Ni dai a janye kalmar. In ya so a faɗa mana nawa ake biyan masu shiga ƙauyukan a rana.

Mai awo daga Mirya: Malam, ka zo ka hau babur da akwatin ƙanƙara cikin yashi, sannan mu yi maganar kuɗi.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda ma'aikatan lafiya na iyakar ƙoƙarinsu, kuma ƙanwata mai awo ba ta zagi uwar kowa ba. Laifin na mazan da ke hana mata fita ne. Ɗan Magarya, ka ba Hajiya haƙuri. Na rufe maganar.

Ɗan Magarya: Yaya, ni ban yarda da komai ba.